Ƙofar Da Malam Tu Bai Rufe Ba

A garinmu na bakin kogin Gan ba a dafa kafaɗar mutum. Ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, in ka hango shi a kasuwa sai ka kira sunansa daga nesa, ka tsaya inda zai ga hannayenka biyu. Baƙi suna cewa mun cika zargi. Su yi ta faɗa mana, ai ba su tashi a inda ake da masu ƙaramin hannu ba.

Kowa a nan ya taso yana jin cewa jikin mutum yana da hanyoyi goma sha biyu da ƙarfin rai ke bi, kuma a kan kowace hanya akwai ƙofofi. Ƙofofin nan su mai allura ke sokawa ya kori ciwon kai ko na gwiwa, su ne kuma masu dambenmu ke nema da yatsa. In gaba da gaba aka yi, a fili, wannan babban hannu ne, kowa ya ga abin da ya faru. Ƙaramin hannu kuwa shi ne a taɓa ka ana dariya, ana miƙo maka shayi, ka koma gida lafiya lau, bayan wata guda ka fara rama. An rufe maka ƙofa ke nan, kuma ba mai buɗe ta sai wanda ya rufe.

A shekarun da nake ba da labari, lokacin da aka raba wa manoma gonakin gayya, mutum ɗaya ya rage a garin da ake cewa yana da wannan hannu. Sunansa Tu Ganlin, mai ɗori da allura a Layin Masu Gora, ɗan siririn tsoho mai shekara sittin da uku. Matarsa ta rasu, 'yarsa ta yi aure can nesa. In ya shigo kasuwa sai ka ga hanya ta buɗe da kanta. Mai kifi ba ya miƙa masa kifi hannu da hannu, a kan teburi yake ajiyewa ya ja da baya. Masu karaya dai dole su zo wurinsa, don ba wanda ya kai shi iya ɗori, amma ko da yake gyara musu ƙashi idonsu na kan yatsunsa.

Asalin abin kuwa ba wani abu ba ne. Yana saurayi ya yi faɗa da wani ƙaton matuƙin jirgi mai suna Hu a bakin fito, ya zungure shi a haƙarƙari, ƙaton ya durƙusa yana neman numfashi. Bayan kwana arba'in Hu ya mutu. Amai da gudawa ne suka kashe shi, shi ne ɗaya daga cikin mutum tara da suka kashe a unguwarsu a damina ɗaya, amma wa ya ƙirga sauran takwas ɗin? Tu ya ruga wurin malaminsa, Tsoho Nie. Tsohon ya ce masa, "Kai sakarai, zauna. Ƙofofin gaskiya ne: akwai wadda za ka buga hannu ya mutu na ɗan lokaci, akwai wadda numfashi zai ɗauke. Iyakar abin da na sani ke nan, iyakar abin da malamina ya sani. Sauran tsoron mutane ne. Ka bar musu tsoronsu, ba za ka ƙara faɗa da kowa ba har ka mutu."

Haka kuwa aka yi. Tu bai taɓa cewa shi ya kashe Hu ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Ya ci moriyar shirun nan shekara arba'in, kuma in za a faɗi gaskiya ya ji daɗinsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga wannan sabga ba, Lei Mantang mai awara. Tun suna yara suke tare. Lei gajere ne mai tumbi da babbar murya, kullum da hantsi in ya gama zagayen talla sai ya jingine sandar gorarsa a ƙofar shagon Tu, ya shimfiɗa dara.

"Kai, mai kashe mutane, fito in kashe ka," in ji shi.

"Warin wake ya iso kafin kai," in ji Tu. "Yau ma ruwa ka sayar musu da sunan awara?"

"Ruwan ma ya fi ƙarfin haƙoranka. Zauna, Yaya."

Ana gab da bikin tseren jirage, wata ranar kasuwa, Lei ya sauko matakalar bakin fito da bokitai biyu a kafaɗa. An yi ruwa, duwatsun sun yi santsi. Ƙafarsa ta zame, ya tafi zai faɗa kogi, Tu da ke bayansa ya cafke shi a kwiɓi na dama ya finciko shi. Awara ta watse, Lei ya zauna daɓas yana zagin duwatsu da kakannin wanda ya jera su, mutane suna ta dariya. Sai dai cikin masu dariyar akwai waɗanda suka lura da inda yatsun Malam Tu suka sauka, kuma a garinmu irin wannan ba ya ɓacewa.

Bayan mako uku Lei ya daina cin abinci da yawa. Bayan biyar ya daina zagayen talla. Tu ya zaci zafin bazara ne, ya aika masa da saiwoyi. Ranan nan da safe sai ga matar Lei, Dongmei, a ƙofar shagonsa, da zakara ja a hammata da tulun giyar shinkafa a hannu. Ta ajiye su a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ita da a da take shigowa har kicin ta yi masa faɗan tukwane marasa wanki.

Tu yana ganin zakaran ya gane. Abin da ake kai wa malami ke nan in za a roƙe shi ya buɗe ƙofa.

"Yaya Tu," ta ce, idonta a ƙasa, "mun san ba da gangan ba ne. Ceton sa ka yi, hannu ne ya kuɓuce. Ba mu riƙe ka da komai ba. Ka zo ka buɗe masa kawai."

"Haba Dongmei, ke ma? Ɗauki zakaranki, mu je in gan shi."

Ya tarar da Lei a kwance kan gadon gora, tumbin nan ya zube, fararen idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Ga shi nan, mugu. Shekara arba'in ina cin ka a dara, ashe haushi kake tarawa."

"Yi min shiru, ɗaga riga."

Ya sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya danna a hankali. Hannun mai ɗori ba ya ƙarya. Akwai wani abu a wurin, mai tauri, kamar ƙwan agwagwa, kuma ba abin mako biyar ba ne, ya daɗe yana girma. Tu ya ji tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun mutuwar matarsa. Ya sauke rigar, ya zauna a bakin gadon, ya gaya musu gaskiya tsirararta. Ya ce babu ƙofar da ya rufe. Ya ce bai iya ba, bai taɓa iyawa ba, malaminsa ma bai iya ba. Ya ce ƙari ne a ciki, a ƙetare kogi gobe a hau mota zuwa babban asibitin birni.

Suka saurare shi cikin ladabi har ya gama. Lei ya dubi matarsa ya kashe mata ido ɗaya.

"Na ɗaya ke nan," ya ce. "Saura biyu."

Kash! Tu ya manta da wannan. Al'ada ce a wurinmu, malami na gaske ba ya amsawa a roƙon farko. A na farko zai ce shi bai san komai ba, a na biyu ya ce hannu ya tsufa, sai a na uku zai tashi ya naɗe hannun riga. Wanda ya amsa tun farko, wannan ɗan tallan magani ne na bakin kasuwa. Duk rantsuwar da Tu ya yi a ɗakin nan, da kabarin ubansa da na malaminsa, su a wurinsu ladabin manya ne kawai, kuma ya yi shi da kyau.

Daga nan ya zarce ɗakin shan magani na gari, wurin Likita Fan, wata mace mai gilashi da aka turo daga birni, wadda ba ta da lokacin kowa. Ashe ta riga ta ga Lei.

"Sau biyu na rubuta musu takardar zuwa asibitin birni," ta ce, tana wanke hannu. "Matar ta ce min likita ba ya buɗe abin da yatsa ya rufe. In an kai shi cikin makon nan ko na gaba, wataƙila a iya yi masa aiki. Wataƙila na ce. In an wuce haka, su sayi katakon akwatin gawa kawai. Kai ka tara musu wannan shirmen a ka, Malam Tu, kai za ka kwashe shi."

"Na gaya musu ƙarya ne."

"To yi musu abin da suke so mana! Shafa shi, ka hura masa iska, ka ce ka buɗe, sannan su hau jirgi."

Tu ya girgiza kai. Ita baƙuwa ce, ba ta sani ba. Wanda aka buɗe wa ƙofa sai ya yi kwana arba'in da tara a ɗaki, ba ya ƙetare ruwa, ƙarfe ba ya taɓa jikinsa. Abin takaicin ma, wannan doka daga bakin Tu kansa garin ya fi jin ta. Shekara da shekaru in manomi mai taurin kai ya zo da tsagewar haƙarƙari, ya san ba zai kwanta ba, sai ya ɗaure fuska ya kafa masa ita, mutum ya kwanta dole har ƙashi ya kama. Dabara ce mai kyau, ta warkar da mutane da yawa. Yanzu ko yaron goye ya haddace ta, kuma in Tu ya ce a wannan karon ba ta aiki, Dongmei za ta ce gwada su yake yi, ta ƙara wa ƙofar ɗaki sakata.

"Ba shi da kwana arba'in da tara na zubarwa," in ji Likita Fan.

"Na sani, Likita."

Kwana biyu bayan haka Dongmei ta dawo roƙo na biyu, wannan karon da cinyar alade da yadi mai shuɗi. Ya ce mata ta zauna, ta ƙi. Ya yi mata magiya, ya yi mata tsawa, har ya ce shi zai raka su birni ya kwana a barandar asibiti. Ta jira ya gama, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Na gode, Yaya Tu. Zan dawo jibi." Ta tafi da ɗan saurinta, kusan da farin ciki, don an ci biyu saura ɗaya.

Sai ya ce bari ya fasa abin a gaban kowa. Da rana tsaka ya shiga gidan shayi na bakin fito, inda tsofaffi ke zaman kashe wando da cin gulma. Ya tsaya a tsakiya ya cire riga, abin da ba a taɓa gani ba.

"Ku dube ni da kyau," ya ce. "Nan ne na kama Lei Mantang, ko? To ga shi." Ya haɗa yatsu biyu ya zunguri kwiɓinsa da ƙarfi, sau uku, har ya ji hawaye ya taho. "In na mutu nan da wata guda ku ce na iya. Hu matuƙi gudawa ce ta kashe shi, kun sani, wasunku ku kuka ɗauki gawar. Ni mai ɗori ne kawai. Shekara arba'in ina yaudararku da shiru."

Can sai wani tsohon wanzami ya gyaɗa kai, ya ce da na kusa da shi, a hankali amma kowa ya ji, "Ka ga manya ko? Ya kulle ƙofofinsa ta ciki kafin ya buga."

"Ba sa'arta ba ce ma," in ji wani. "Wannan ƙofar da safe take buɗe."

"To zo kai in buga maka!" Tu ya daka tsawa. "Zo da safe, zo duk sa'ar da ka ga dama!"

Kafin ya rufe baki benci ya kife, gidan shayi ya watse, har da mai shayin ya bi ta ƙofar baya da buta a hannu. Tu ya tsaya shi kaɗai ba riga, kwiɓinsa na zogi, ga kofuna suna ta tururi a kan tebura. Haushi ya ishe shi har ya rasa wanda zai zaga. Ya ga ko ta ina ya juya bango ne, kuma shi ya gina shi da hannunsa, tubali bayan tubali. Kafin yamma labari ya zaga gari cewa Malam Tu ya nemi ya rufe wa wani ƙofa a gidan shayi.

Ya yi tunanin ya saci Lei da ƙarfi, ya ɗora shi a amalanke. Wa zai kama masa? Ya yi tunanin ya rubuta wa ɗan Lei da ke aikin soja a arewa, amma kafin wasiƙa ta je ta dawo an gama. Ya yi tunanin ya gudu daga garin, ko sa fid da rai su tafi asibiti, sai ya tuna Dongmei ce, za ta zauna jiran sa har mijinta ya mutu a hannunta. Hanya ɗaya ce ta rage, ya gan ta tun a ɗakin Likita Fan, yana ta kauda kai ne kawai.

Mutanenmu sun raba rufin ƙofa gida biyu. Akwai na kuskure ko na horo, wanda ake buɗewa da hannu da saiwa. Akwai kuma na nufi, wanda aka buga da zuciya ɗaya don a kashe. Wannan, in ji su, jini ne ke dunƙulewa a wurin, kuma ko wanda ya buga ba shi da ikon warware shi. Wanda aka yi wa irin wannan ba doka a kansa, don ba a buɗe masa komai ba, iyalinsa sai su nemi taimako duk inda suka samu.

Ranar roƙo na uku Dongmei ba ta kawo komai ba. Da hantsi ta zo, ta durƙusa a tsakiyar Layin Masu Gora, gwiwa biyu a kan duwatsu, mace mai shekara sittin. Masu saƙa kwando suka ajiye aiki, mata suka leƙo ta tagogi. Tu ya fito ya ce ta tashi, bai taɓa ta ba. Ya shige gaba, tana biye, rabin layin na biye da ita daga nesa.

Ta gyara ɗakin tsaf. An kunna turare, an ajiye ruwan zafi da sabon tawul, an liƙe taga da takarda saboda zaman kwana arba'in da tara. Duk wani ƙarfe an fitar, har ƙugiyar rataye riga. Lei ya riga ya cire riga yana jira, ƙasusuwan ƙirjinsa a waje.

"Ka wahalar min da mata, tsohon banza," ya ce da 'yar muryarsa. "Yi sauri, ina jin yunwa tun da na ji takunka."

Tu bai naɗe hannun riga ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa inda na waje za su ji.

"Ba zan iya buɗewa ba."

"Kai, an gama uku fa. Ko lissafin ma ya tsufa?"

"Ba zan iya ba, don ba kuskure ba ne. Da nufi na yi. Jinin ya riga ya dunƙule, ka taɓa wurin da kanka ka ji. Ba hannun da zai warware shi, ko nawa. Wuƙa ce kaɗai za ta cire shi, kuma in an wuce kwana bakwai ita ma ba ta da amfani."

Dongmei ta saki kwanon da ke hannunta. A waje wata mata ta yi salati irin namu, tana kiran kakanninta. Lei kuwa ya zuba masa ido, sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari.

"Ƙarya kake, Yaya. Likitar nan ce ta haɗa baki da kai. Kai da ko kaza sai na yanka maka? Ni za ka kashe? A kan me?"

Wannan ne Tu bai shirya masa ba. Ya zaci faɗar maganar ita ce mai wuya, ashe da saura. Mutumin nan ba zai yarda ba sai an ba shi dalili, kuma dalilin da zai shige shi. Tu ya laluba cikin shekara sittin na zamansu yana neman abin da zai soke shi da shi, ya kuwa samu, abu ɗaya tak.

Shekara goma sha takwas da suka wuce, lokacin da samari masu jan ƙyalle a dantse ke bi gida gida suna ƙona kayan dā, sun zo Layin Masu Gora. Tsoron shiga gidan Tu suka ji, sai suka tasa Lei a gaba, suka ce shi abokinsa ne, ya shiga ya fito musu da kayan tsafi, in ba haka ba su cinna wa gidan wuta da mutanen ciki. Lei ya shiga. Ya fito da littafin Tsoho Nie na rubutun hannu, da gunkin katako mai ɗigon ƙofofin jiki wanda aka gada malami bayan malami, shi da kansa aka sa ya jefa su a wuta, Tu yana tsaye yana kallo. Washegari Lei ya zo da dara kamar kullum, Tu ya fito kamar kullum. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Tu kuwa ko na rana ɗaya bai riƙe shi ba. Ya san gidansa da matarsa da 'yarsa aka ceta da wannan katako.

"Littafin malamina," ya ce. "Da gunkinsa. Ka zaci na manta?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Lei. Tu ya so a ce Lei ya musa, ya zage shi, ya ce ai ceton ka na yi, butulu. Da ya yi haka da an samu sauƙi. Amma ina. Lei ya mayar da kansa kan matashi a hankali, ya dubi rufin ɗaki, hawaye ya gangaro ta gefen idonsa zuwa kunne.

"Na sani," ya ce. "Dama na sani. Kullum in na shimfiɗa darar nan sai in ce yau zai faɗa. Shekara goma sha takwas, Yaya. Da ka mare ni tun a lokacin."

Ashe abin yana cin sa duk tsawon nan, Tu bai sani ba. Ya ji kamar ya faɗi a gaban gadon ya ce ƙarya ne, ƙanena, ƙarya ne, ban taɓa jin haushinka ba. Maganar ta zo har bakinsa. Ya san in ta fita, Lei zai yarda da ita nan take, ya yi murmushi, ya ce to buɗe min, kuma a binne shi kafin a girbe shinkafa. Ya cije haƙora ya haɗiye ta.

Dongmei ce ta fara motsi. Ta tashi ta shiga tsakaninsa da gadon, ta buɗe hannuwa tana kare mijinta.

"Kwana bakwai ka ce, Malam Tu?"

"Bakwai. In kun samu jirgin rana, ku tafi yau."

"Fita daga gidana."

Ta juya ta fizge takardar da ta liƙe taga da ita, ta ƙwala wa maƙwabta kira su kawo ƙyauren da za a ɗauke shi a kai, wani ya ruga ya karɓo takardar Likita Fan. Nan da nan ɗakin ya cika da mutane, kowa na raɓewa ta jikin bango don kada ya gogi tsohon. Ya juya zai fita ke nan sai ya ji muryar Lei daga bayan mutane.

"Yaya."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In an cire, na tashi, shi ke nan ya wuce? Ka yafe?"

Tu ya san abokinsa kamar tafin hannunsa. In ya ce ya yafe, Lei zai ce to me ya rage, ya kwanta ya mutu a gadonsa hankali kwance, don tsoron wuƙa yake kamar me. Sai an bar masa abin da zai je ya dawo dominsa.

"Je ka a cire tukuna," ya ce. "In ka dawo ka tambaye ni."

Ya fita. Layin ya dare masa fiye da yadda ya saba, wata tsohuwa ta tofar da yawu bayan ya wuce. Bai je bakin fito ba, don wanda ya yi irin abin da ya ce ya yi ba ya rakiya. Ya shiga shagonsa ya jera katakan ƙofa ɗaya bayan ɗaya ya rufe da ranar Allah, ya zauna a kan bencin da yake ɗora masu karaya, yana sauraro. Da rana ta take tsaka ya ji jirgin fito ya yi ƙaho, ya ji injinsa ya tashi, ya bi ƙarar da kunne har ta kai wancan ƙetaren. Sannan ya sa fuska a cikin tafukansa ya yi kuka, ya toshe baki don kada maƙwabta su ji su gane ƙarya ya yi.